Ranar da Aka Yi wa Sarki Jatau Jaje

An yi wani sarki a Birnin Gazau, tun zamanin da ake ciniki da wuri, ana ce da shi Jatau ɗan Yalwa. Mutum ne mai tsoron Allah daidai gwargwado, ba ya cin dukiyar maraya, ba ya kwana da haƙƙin talaka, amma an jarrabce shi da wata cuta wadda babu mai maganin da ya san saiwarta, wato zargi. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce akwai abin da kake nema. In ka gaishe shi fuska a ɗaure, ya ce akwai abin da ka ƙulla. Har an ce wata rana inuwarsa ta riga shi shiga zaure, ya tsaya ya dube ta ya ce, "Ke kuma saurin me kike yi?" Ni dai ban gani ba, amma waɗanda suka gaya mini ba sa ƙarya sai in ta kama.

Ranar da aka naɗa shi ya rantse gaban jama'a ba zai taɓa baitulmali don cikinsa ko na iyalinsa ba, kuma ya riƙe wannan rantsuwa da gaske. Abin da gidansa ke ci daga gandunsa yake fitowa, abin da yake sawa kuwa daga ɗan fataucin da yake aikawa kudu. Ban da waɗannan yana da fadama guda wadda ya gada daga mahaifiyarsa Yalwa, a tsakiyarta akwai tafkin da ba ya ƙafewa. In bazara ta tsananta, rijiyoyi suka ja ruwansu, duk garin nan ne ke shayar da dabbobi a can, mata su ɗebo, masu lambu su yi ban-ruwa, babu mai biyan ko wuri, domin haka marigayiyar ta yi wasiyya.

To, saboda zargin nan nasa, Sarki ba ya yarda kowa ya leƙa manyan rumbunansa. In an zuba hatsi, da hannunsa yake liƙe bakin rumbu da laka, ya danna tafinsa a kai don shaida. Wata shekara ruwan ƙarshen damina ya sami kafa ta jinka ya riƙa tsiyaya ciki. Bayin gidan sun ji ɗan wari-wari, amma wa zai ce wa Sarki a buɗe rumbu, ya tambaye shi ta yaya aka yi hancinsa ya je can? Kowa ya kama bakinsa. Sai da bazara ta kama, ƙaramin rumbun da ake ci ya ƙare, Sarki ya fasa na farko, ya fasa na biyu, ya fasa na uku. Gero ya zama baƙin dunƙule, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa.

Ga gida cike da bakuna, ga kaka da nisa, ga ayarin jakunansa da ya tafi kudu da kanwa don ya sayo goro ba a sa ran dawowarsa sai an fara yankan gero. Sarki ya tara mutanen gidansa ya ce duk wanda ya fitar da wannan magana, shi da garin sai dai labari, domin a ganinsa babu abin kunya a duniya kamar a ce gidan sarki babu tsaba.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, sai ga wani attajiri mai suna Cindo ya nemi iso, ya ce maganarsa ta mutum biyu ce. Da aka watse ya matso, ya sassauta murya.

"Allah ya ba ka nasara, ni ban ji komai ba, ban ga komai ba. Na dai ce bari in zo in tuna wa ubangijina cewa yana da bawa a garin nan, in wata 'yar larura ta taso."

Sarki ya ce, "Bashi kake bayarwa?"

"Bashi da ruwa? Allah ya tsare ni, mahaifina malami ne. Ni ciniki nake yi. Ina da wata alkyabba ta gabas, zan sayar maka da ita jaka ashirin ta wuri, ka biya ranar da aka fara yankan gero. In ka karɓa ka ga ba ta yi maka ba, to, ni mai saye ne, nan take sai in saye ta daga hannunka jaka goma, in ƙirga maka kafin ka tashi. Ka ga ciniki biyu ke nan, kowanne halal. In wa'adi ya yi ba a sami hali ba, babu tashin hankali, babu zuwa gaban alƙali, fadamar Yalwa kawai sai ta dawo hannuna. Kuma babu mai ji, Zaki. Ni cikina rijiya ce."

Sarki ya ce zai yi tunani. Ya kira Alƙali ya tambaye shi mas'alar, ya ce wai wani talakansa ne aka yi wa wannan tayi. Alƙali ya shafa gemu ya ce a zahiri ciniki ne, a baɗini kuwa yana jin warin abin da aka hana, da za a kawo masa ƙara da shaidu da ya san abin da zai yanke, amma tun da ya hau buzun shari'a ba wanda ya taɓa kawowa. Da ya fita Sarki ya ce a ransa, wannan ya ci goron Cindo.

Saura Waziri. Sunansa Barmo, tsoho ne gajere mai son goro da barkwanci, ya yi wa mahaifin Sarki aiki kafin ya yi wa Sarki. Sarki ya kira shi zauren ciki, ya leƙa bayan ƙofa, ya leƙa bayan labule, sannan ya zauna ya zayyana masa komai, tun daga rumbu har alkyabba.

"Waziri, shawara nake nema, amma ga sharaɗi. In ka ce in karɓa, zan ce Cindo ya yanka maka la'ada. In ka ce kada in karɓa, zan ce so kake asirina ya tonu, 'yan'uwana su yi mini dariya, ka naɗa wanda kake so. In kuwa ka yi shiru, zan ce ka raina ni."

Waziri ya tauna goronsa a hankali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wato ka toshe ƙofa, ka toshe taga, ka ce in shigo da gaggawa."

"Haka na ce."

"To, tunda bakina ya zama abin tuhuma, sai mu yi aiki da idonka, shi dai ban san wanda zai iya ba shi la'ada ba. Cindo ya san da abin da za ka biya shi?"

"Bai tambaya ba. Ni na gaya masa ayarina zai dawo da goro."

"Madalla. Na ga Ilu wanzami a ƙofa yana jiran ya yi maka aski. In ya fara, ka yi ajiyar zuciya, ka ce ɗan aike ya iso, jirgi ya kife da kayanka a mashigin babban kogi. Ka tabbata ka ce mutane da jakuna sun tsira, kaya ne kawai suka tafi, domin mutanen nan suna da uwaye a garin nan. Sa'an nan ka ce masa kada ya gaya wa kowa."

Sarki ya zare ido. "Ƙarya kake so in yi?"

"Ta yini ɗaya ce, kuma ni zan ɗauki rabin zunubin."

"Me ya hana ka ɗauki duka?"

"Ai bakinka ne zai faɗa, Zaki."

Sarki ya daɗe yana kallonsa, yana neman inda tarkon yake. Daga bisani ya ce, "Na yarda. Amma ba za ka bar zauren nan ba, ko alwala sai da dogari, kada ka aika wa Cindo."

Waziri ya ce shi ma abin da zai roƙa ke nan, a dai sa a kawo masa goro.

Ilu wanzami kuwa, in ka ba shi sirri da hantsi, kafin azahar kasuwa ta gama sa masa gishiri da yaji. Da ya ji labarin sai ya rantse da kabarin kakansa ba mai ji daga bakinsa, ya ƙarasa askin cikin gaggawa har ya bar wa Sarki ɗan tsibiri a ƙeya, ya tattara zabirarsa ya fita yana tuntuɓe.

Al'adar Gazau ita ce, in asara ta sami mutum ya faɗa da bakinsa, to, gari ya taso ke nan zuwa jaje, kowa da abin da ya sawwaƙa a hannu. Saboda haka Sarki ya fito babban zaure ya zauna, Waziri a gefensa, Alƙali da fadawa a nasu wuraren, aka jira.

Wanda ya fara isowa shi ne Mati baduku. Shi ya ɗinka buhunan fata da aka zuba kanwar, bisa alkawarin za a biya shi in ayari ya dawo. Ya shigo hula a karkace, basilla a soke a gefenta, ya zube.

"Allah ya ba ka nasara, ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri."

Sarki ya ce, "Amin."

Mati ya ɗago kai. "Zaki, har da buhunan?"

"Har da su."

"Duka?"

"Mati, kogi ba ya zaɓe."

Mati ya zauna daɓas ya yi tagumi. "Ni fa na gaya wa madugun nan kada ya yarda da masu jirgin ƙasan can. Fatun nan ma ba nawa ba ne, na majema ne, su ma jirana suke. Ko a aika masu iyo? Kanwa dai ta narke, na sani, amma ai fata ba ta narkewa." Ya ɗan matso. "Ba don rashin kunya ba, Zaki, to nawa fa?"

Wani dogari ya yunƙura zai fitar da shi, Sarki ya ɗaga hannu, aka bar shi ya koma gefe yana ƙirga yatsu yana magana shi kaɗai. Sarki ya karkata ya raɗa wa Waziri, "Ka ga mara kunya. Ranar jaje yake mini maganar kuɗinsa."

Waziri ya ce, "Ni an hana ni magana."

Ba a jima ba ƙanshin turare ya riga mai shi shigowa. Cindo ne, da sabon rawani, baransa na biye da ƙunshi a ka, wani kuma na jan ƙaton rago. Ya tuɓe takalma a ƙofa, ya faɗi, ya yi jaje mai tsawo da ayoyi da karin magana, ya kawo labarin annabawan da aka jarraba suka yi haƙuri, har ya sa gefen rawani ya goge ido, ko da yake waɗanda ke kusa sun ce rawanin bai jiƙe ba. Da ya gama sai ya matso daf da Sarki, ya yi ƙasa da murya yadda Waziri kaɗai ke iya tsinta.

"Allah ya ba ka nasara, maganar nan tamu tana nan. Ga alkyabbar ma na taho da ita. Kuma saboda abin da ya faru na ga jaka goma ba za ta isa ba. In ka so, sai mu ninka."

Sarki ya ce, "Ba ka ji ba ne? Abin da zan biya ka da shi yana ƙarƙashin kogi."

"Haba, Zaki, wa ke maganar biya ranar jaje? Allah na nan."

"Allah na nan, amma goro babu. Da me zan biya?"

"In lokacin ya zo ma san yadda za mu yi. Tsakanina da kai ai ba a haka."

Sarki ya dubi Mati can gefe, wanda har yanzu bai sauke tagumi ba, ya dawo da ido kan Cindo, wanda fuskarsa ke sheƙi kamar an shafa mata man shanu. Zarginsa ya fara motsawa.

"To, bari mu sauya jingina. Ina da dawaki a barga, ina da rigunan da na gada, ina da takobin kakana mai kube na azurfa. In an haɗa sun fi fadamar nan daraja. Ka riƙe su."

Cindo ya yi murmushi. "Doki ai ci yake yi, Zaki, riga kuma asu ke ci. Takobi kuwa, ina ni ina takobin sarakuna? A bar shi a fadamar, ita ba ta ciwo, ba ta mutuwa."

Sarki Jatau yana da wata ɗabi'a: in zarginsa ya motsa, ba fuskar mutum yake kallo ba, ƙafarsa yake kallo, yana cewa fuska ta daɗe da koyon ƙarya, ƙafa kuwa ba ta shiga makaranta ba. Sai ya sauke ido. Ƙafafun Cindo an wanke su, amma cikin gaggawa, domin tsakanin yatsun akwai baƙar laka, bakin wandonsa kuma ya jiƙe har ƙauri.

"Cindo, daga ina kake?"

"Daga gida, Allah ya ba ka nasara. Da na ji labari ko ruwa ban tsaya sha ba."

"An yi ruwan sama a unguwarku?"

"Ruwa kuma? A wannan bazarar?"

"To, lakar nan fa? Duk ƙasar Gazau a wannan wata wuri ɗaya na sani mai baƙar laka ɗanya."

Cindo ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce aka ba shi ajiya. "Af, na ɗan ratsa ta fadama ne, in yi wa marigayiya addu'a."

"Kabarinta yana arewa da gari, fadama tana kudu. Kuma ban taɓa jin addu'ar da sai an shiga ruwa har ƙauri take karɓuwa ba. Ko zurfin tafkin ka shiga aunawa?"

Cindo ya ja riga ya rufe ƙafafunsa. Sarki ya ce, "Na gode da jaje. Ba na sayen alkyabba. Amma zauna tukuna, kada ka tafi."

Dalilin da ya sa ya ce ya zauna shi ne hayaniyar da ta taso a ƙofar fada. Sarki ya tashi ya leƙa. Manoma ne da dammunan gero da dawa a ka, mata da ƙoren wake da gyaɗa, masu lambu da kwandunan albasa, Fulanin bayan gari da nono da ɗan maraƙi, kowa na saukewa yana cewa Allah ya mayar da alheri. Tulin kaya sai tashi yake.

Sarki ya juya ga Waziri, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan ba ka gaya mini ba."

"Na san za a zo, Zaki, amma wallahi ban zaci za a kai haka ba."

"A kan ƙarya suka kawo."

"A kan ƙarya suka kawo. Yanzu hanya biyu ce. Ko ka karɓa ka yi shiru, ka ciyar da iyalinka abin da ba ka da haƙƙi a kai, ko ka fita ka faɗi gaskiyar nan da ka so ka jinginar da fadamar mahaifiyarka don ka binne ta. Wace za ka bi, wannan kuma an hana ni faɗa."

Sarki ya gyara zaman rawaninsa. Ya tsaya a bakin zaure har mutane suka fara duban juna. Can sai ya fita, ya sa aka yi shiru, ya ce, "Jama'a, ku dakata da saukewa. Ayarina bai nutse ba, ban ma da labarinsa, alheri ko akasinsa. Ni na ƙirƙiri maganar don in gwada wani mutum, na kuwa gwada shi, amma ku na zalunce ku, ku yafe mini. Asarar da na yi ta gaskiya ita ce, hatsin gidana duka ya ruɓe a rumbu, saboda na hana kowa dubawa. Gidana babu tsaba. Na ɓoye muku don kunya. Kowa ya ɗauki kayansa."

Sai aka ji muryar Mati daga cikin zaure: "Wato fatuna suna nan?"

Dariya ta ɓarke. Kafin ta lafa wata mace ta kutso gaba, ta ajiye ƙwaryarta. Lantana ce, 'yar kawun Sarki, taubashiyarsa, wadda al'ada ta ba ta damar ta gaya masa abin da ko Waziri ba ya iyawa.

"Allah ya ba ka nasara, taubashi, duk garin nan kai kaɗai ne ba ka san mun sani ba. Gidan da in aka fara lugude har kasuwa ake ji, tun yaushe rabon da mu ji taɓarya a cikinsa? Kajin fada sun dawo tsakar gidana da kiwo, har na fara raɗa musu suna. Dammunan nan da kake gani tuni aka ɗaure su aka jingine a zaure. Amma wa zai ɗauki hatsi ya kai wa mutumin da bai ce ya rasa ba? Ba a jajen abin da mai shi bai faɗa ba. Balle kai, da sai ka ce mun zage ka, ko ka sa a warware dami a ga me muka ɓoye a ciki."

Sarki ya ce, "Ba don ayari kuka kawo ba?"

"Ina ruwanmu da kanwarka? Ƙofa muka daɗe muna nema, yau wanzami ya buɗe mana."

Sarki dai hali zanen dutse. Ya dubi tulin kayan, ya dubi jama'a, ya ce, "To, me za a biya?"

Wani tsohon manomi ya ce, "Shanunmu sun sha ruwan Yalwa shekara da shekaru, ba ta taɓa tambayarmu haka ba. In ranar tamu ta zo, kai ma ka zo."

Sarki ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya sa aka fito da Cindo da ƙunshinsa, aka kwance gaban jama'a. Alkyabbar gabas ɗin nan da ake sayarwa jaka ashirin, ashe wani tsumma ne da asu ya yi wa ƙofofi, in ka ɗaga shi kana hango mutumin da ke bayansa. Sarki ya bayyana yadda cinikin yake, sannan ya ce, "Saura kaɗan in zama mai wannan. A cikinku akwai wanda ya taɓa sayenta?"

Ba wanda ya motsa, amma kawuna da yawa sun sunkuya.

Sarki ya ce, "Sarkinku ya tsaya nan ya ce gidansa babu tsaba. Wace kunya ce ta rage wa wani?"

Sai wani ya ɗaga hannu, ya ce shi ya saye ta shekarar da matarsa ta yi jinya, gonarsa ta bakin hanya ta tafi. Wani ya ce shi rijiyoyin marinarsa ne. Wata bazawara ta ce ita ɗakunan da mijinta ya bari. Kowannensu ya zaci shi kaɗai ne, domin kowanne an gaya masa cikin Cindo rijiya ce.

Cindo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ciniki ne, da yardarsu. Ban sa wa kowa wuƙa ba."

Sarki ya ce, "Ni a kaina ba ni da ƙara a kanka, ba ka ci mini wuri ba, ragonka ma a mayar maka. Waɗannan kuwa ga Alƙali nan."

Alƙali ya gyara zama ya ce ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya saurari kowa, ya saurari Cindo, sannan ya ce hajar da aka sayar wa rabin gari ba ta taɓa kwana gidan mai saye ba, wannan ba haja ba ce, mayafi ne aka lulluɓa wa riba. Ya yanke cewa kowa ya mayar da uwar kuɗin da ya karɓa a hannu, a cire amfanin da Cindo ya ci a gonarsa ko gidansa, a mayar masa da abinsa. Da aka zauna lissafi, wasu ma Cindo ne ya koma yana biyansu. Waziri kuwa, kafin rana ta faɗi, Sarki ya tura shi gida-gida wurin iyalan masu ayari ya ba su haƙurin firgitar da aka yi musu, ya ce wannan shi ne kasonsa na zunubin ƙaryar.

Kada ku zaci daga nan sai daɗi. Abin da jama'a suka kawo bai kai gidan Sarki kaka ba. Sai da ya sayar da dawaki biyu da rabin rigunansa, aka koma tuwo sau ɗaya a yini, tafasa da rama suka sami shiga fada, har Lantana ta riƙa aiko tambaya ko a ƙaro ƙuli-ƙuli. Ayarin kuma bai iso ranar yankan gero ba, bai iso ranar ɗaurin dami ba, sai da aka gama sussuka aka hango ƙurarsa, domin ruwa ya tsare su a hanya. Fadamar Yalwa dai tana nan, shanu na sha.

Ranar da aka sauke kaya, bayan an sallami Mati, Sarki ya tara fada, ya sa aka ajiye huhun goro na farko gaban Waziri, ya tuɓe rigar jikinsa ya yafa masa. Sannan ya ɗan karkata kai.

"Waziri, abu ɗaya ya tsaya mini. Ta yaya ka san Cindo zai bi ta fadama ranar nan? Ko dai kun haɗa baki?"

Waziri ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. "Allah ya ba ka nasara, lakar nan ban san da ita ba, idonka ne ya samo ta. Abin da na sani kaɗan ne. Wanda yake son ka biya shi, asararka tasa ce, shi ya sa Mati ya zo maka da rashin kunya. Wanda kuma ya ji hanyar biyanka ta toshe ya zo da turare yana cewa a ninka, to, ba kuɗinsa yake jira ba, faɗuwarka yake jira. Na dai so ka ga fuskokin biyu a zaure ɗaya."

Sarki ya ce, "Ni abin da ya fi damuna ba Cindo ba ne. Shekara nawa ina zargin mai dafa mini abinci, ina zargin Alƙali, ina zarginka, alhali ana cinye gonakin talakawana a gindin katangata ban ji ko motsi ba. Ban farka ba sai da aka zo kan tawa."

Daga ranar ya sa doka, duk wanda larura ta kama a Gazau har yake tunanin jinginar da gona ko gida, ya fara zuwa zauren Waziri ya faɗa, a ji sharaɗin da aka gindaya masa gaban shaidu, a ga kuma ko akwai wata hanya kafin wannan. Rumbunansa kuwa ya bar wa mutanen gida su riƙa dubawa, ko da yake an ce yakan zagaya daga baya ya duba masu dubawar.

Shi ya sa masu hikima suka ce, sarkin da ba ya jin zafin gonar talaka sai ranar da aka taɓa tasa, mai gadin kayansa ne kawai. Adalci kuwa shi ne ya ji kukan da kunya ta hana a yi.